Haƙƙin Wanda Ke Bayanmu

Yawancin tarbiyyar da aka yi mana ta ido da ido ce. An koya mana mu gaida babba, mu tashi wa tsoho daga kujera, mu sassauta murya a gaban suruki, kada mu miƙa abu da hagu. A duk waɗannan akwai wani a gabanmu, yana ganinmu muna ganinsa. In mun kyautata ya sa mana albarka, in mun kauce kunyar idonsa ma ta ishe mu horo. Amma akwai wani mutum da ba a cika yi mana zancensa ba, wato wanda zai zo wuri bayan mun tashi. Ba mu san sunansa ba, shi ma ba zai san namu ba. Ba zai gode mana ba, ba kuma zai iya kai ƙararmu ba. Shin yana da haƙƙi a kanmu? In yana da shi, daga ina ya samo shi?

Zaman jirgin ruwa ne ya ɗora mana wannan tambaya, kuma kusan kowane mako sai ya maimaita mana ita. Mu biyu ne, mata da miji, gidanmu wani siririn jirgi ne a kan kanal-kanal ɗin Ingila, abincinmu kuma daga rubuta manhajar kwamfuta yake fitowa. Wanda ya taɓa zuwa gonakin rani na Kadawa ko Kura ya san kanal, hanyar ruwa ce da mutum ya haƙa da kansa. Na Ingila an haƙa su ne don jigilar kaya kafin zuwan jirgin ƙasa. Wanda ya buɗe fagen shi ne kanal ɗin Bridgewater, da aka buɗe a 1761 don kai kwal daga Worsley zuwa Manchester, injiniya James Brindley na cikin waɗanda suka tsara shi. Doki guda ke tafiya a gefen ruwa yana jan jirgi mai kayan da ya haura tan 20. A yau wata ƙungiya mai suna Canal & River Trust, wadda ta karɓi aikin a 2012, ita ke kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales.

Faɗin jirgin ƙafa 6 ne da inci 10, wato mita biyu da 'yan kai, in ka miƙa hannuwanka biyu ka kusa taɓa bango da bango. Tsawon namu ƙafa 57. Ƙarfe ne, nauyinsa ya haura tan 15, kuma ba shi da birki, in kana son tsayawa sai ka juya injin baya ka jira ya ga dama. Gudun da aka yarda da shi mil 4 ne a awa, saurin mai tafiya a ƙasa yana ɗan hanzari. Ruwan sha a tanki yake, lantarki daga sola da batir, ɗumin hunturu daga murhun kwal. Mai lasisi irin namu, wanda ba shi da matsaya ta dindindin, dokar 1995 ta hana shi wuce kwana 14 a wuri guda. Ke nan a shekara muna tashi aƙalla sau 26. Maƙwabcinmu na yau ba shi ne na makon jibi ba, kullum muna barin wuri ga wanda ba mu sani ba, muna kuma sauka inda wani ya bari.

Domin mai karatu ya ga inda tambayar take fitowa, sai mun bayyana yadda jirgi yake hawa tudu. Ruwa dai ba ya hawa tudu, ƙasar kuwa hawa da gangara ce. Dabarar da aka yi ita ce a yanka kanal hawa-hawa kamar matakala, tsakanin kowane hawa da na samansa a gina wani ɗaki na bulo a cikin ruwa, mai ƙofa biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. Mu a jirginmu zaure muke ce masa, tunda ta wata ƙofa ake shiga a fita ta wata. In za ka hau, sai ka shigar da jirgi, ka rufe ƙofar bayanka, ka ɗaga wasu murafe da ke toshe kafofin ruwan sama, da wani lanƙwasasshen ƙarfe irin hannun tada injin niƙa. Ruwa ya kwararo, jirgi ya yi ta tasowa har ya yi daidai da hawan gaba, sannan ƙofar sama ta yarda ta buɗu. Kowane hawa ko sauka a ƙaramin zaure yana cin ruwa kimanin lita 100,000, daga sama zuwa ƙasa, kuma wanda ya gangara ya tafi ke nan. Shi ya sa a shekarar fari kamar 2022 aka rufe wasu zauruka a arewacin Ingila na tsawon makonni. Akwai wuraren da zaurukan suke jere kamar ƙwayar carbi: 30 a Tardebigge, 29 a Caen Hill kusa da garin Devizes, aikin wuni guda.

To, a kowane zaure akwai aikin ƙarshe. Jirgi ya riga ya fita, buƙatarka ta biya. Saura ka koma ka sauke murafen har ƙasa, ka jingina ƙugu da wani dogon gungume ka tura ƙofar katako mai nauyin tan guda ko fiye har ta rufu. Minti biyu ne ko uku, kuma ba abin da suke ƙara maka. Ka ɗauka zaure na ashirin ne a ranar, ga ruwan saman Nuwamba, ga duhu tun ƙarfe huɗu da rabi, ga cinyoyi suna rawa, ba kowa a wurin sai agwagi. Wannan aiki gaba ɗayansa na wanda ke bayanka ne.

Mun san abin da barinsa yake jawowa, domin ya taɓa faɗo mana. Wata asuba muka farka muka ji gado ya karkace, kofuna sun zame sun taru a gefe guda, ƙofar kabad ta buɗe da kanta, igiyoyin da muka ɗaure jirgi da su sun miƙe tam kamar tsirkiya. Da muka leƙa sai ga laka inda jiya ruwa yake. Wani ya wuce da dare ya bar murfi a ɗage a zauren da ke ƙasa da mu, ɗayar ƙofar kuwa dama tana yoyo, ruwan tsakani ya tsiyaye kafin gari ya waye. Jirage huɗu ne a zaune a kan laka. Sai da aka yi awa uku ana sako ruwa a hankali daga hawan sama kafin muka taso, taron aikin da ke jiranmu a intanet da ƙarfe tara ya wuce ba mu.

Sauran ƙananan wahalhalun jirgi ma, in ka bi sawunsu, yawanci a hannun wani da ba ka gani ba za ka tarar da su. Zurfin kanal bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, don haka jirgin da ya wuce da gudu yakan zuƙe ruwa daga ƙarƙashin wanda ke ɗaure, ya fizge shi gaba ya sake shi baya. Tukunyar miya ta yi tsalle a kan murhu, turakun da aka kafa a ƙasa mai laushi su tumɓuke. Kafin ka fito mai gudun ya sha kwana. Haka kuma kana cikin tafiya sai ka ji injin ya canza murya, jirgi ya ƙi gaba: wani abu ya naɗe farfela. Dole ka kashe inji, ka zare makulli, ka buɗe wata 'yar taga a bayan jirgi, ka zura hannu har kafaɗa a cikin ruwan da ya kusa daskarewa, ka yi ta yanka da wuƙa. Mun ciro leda, mun ciro igiyar kamun kifi, mun ciro tsohuwar riga, ranar da ta fi kowace tsawo wayar katifa ce. Wanda ya jefo katifar daga kan gada ya daɗe da mantawa da ita. Akwai kuma wurin da ake juye tankin bayan gida. Ka ɗauko tanki mai nauyin kilo kusan 20, ka yi tafiya da shi, ka tarar wani ya zuba tsumman goge jarirai ya toshe ramin. Wuri na gaba tafiyar awa biyu ce a jirgi.

Tambayar tsohuwa ce. Aflatun, masanin falsafar Girka, ya kawo labarin wani makiyayi mai suna Gyges da ya tsinci zobe, in ya juya shi sai ya ɓace daga idon mutane. Layar zana ke nan a wurinmu. Mai ba da labarin a cikin littafin yana son ya nuna cewa in aka ba mutumin kirki da mugu irin wannan zobe, aiki ɗaya za su yi, domin a ganinsa tsoron tonon asiri ne kaɗai ke riƙe da mu. Mai jirgin da ke tsaye a bakin zaure da dare yana sanye da layar zana. To me zai sa ya koma ya rufe?

Amsar farko da takan zo baki ita ce abin da ka shuka shi za ka girba. Sai dai ruwan kanal gangara yake yi, ba ya zagayowa. Wanda ya bar murfi a ɗage ya yi gaba, ɓarnar a bayansa take, kuma mai yiwuwa har ya mutu ba zai taɓa kwana a wurin da ya tsiyaye ba. In lissafin riba da asara ne kawai, barin ƙofar ya fi masa.

Amsa ta biyu ita ce idon jama'a. Elinor Ostrom, Ba'amurkiyar da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin al'ummomin da suka daɗe suna tarayya a ruwa ko makiyaya ko daji ba tare da sun cinye shi ba. Cikin misalanta akwai manoman rani na Valencia a ƙasar Sifen, inda har yau kotun ruwa take zama kowace Alhamis a ƙofar babban cocin garin. Abin da ta gano shi ne irin wannan tarayya tana ɗorewa ne in an san su wa ke ciki, ana sa ido, kuma akwai horo daidai laifi. Wani ɓangare na wannan yana nan a kanal. Kowane jirgi da sunansa a rubuce a jiki, labari kuma yana gudu a bakin ruwa da zaurukan Facebook fiye da gudun jirgin. Amma manomin Valencia gobe ma gonarsa tana nan kusa da ta maƙwabcinsa. Mu kuwa doka ce ma ta ce mu tashi. Ido yana kama wanda ya yi gudu da rana tsaka, ba ya kama wanda ya wuce zaure da ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Amsa ta uku ita ce ta masu sana'armu, kuma mun daɗe muna jin daɗinta. A aikin manhaja ana koya mana kada mu dogara da kirkin mai amfani da ita, mu gina ta yadda ko ya so ɓarna ba za ta yarda ba. Magina kanal sun san wannan tun kafin a haifi kwamfuta. Ƙofofin zaure biyu suna haɗuwa ne da ɗan kusurwa mai fuskantar ruwan sama, don haka nauyin ruwan da kansa ke danne su. Muddin ruwan ciki da na waje ba su yi daidai ba, ko ƙarti goma ba za su buɗe su ba. A gefen zaure akwai hanyar da rarar ruwa ke bi ta wuce. A jikin maɗaukin murfi akwai ɗan harshen ƙarfe da ke hana shi suɓucewa ya doki mai juyawa. Duk wannan tsari ne da ke tsare mu daga gangancinmu. Amma kowane tsari yana da bakin iyaka. Ba a ƙera ƙofar da za ta hana mutum gajiya ba, ba a ƙera gadar da za ta ƙi karɓar katifa ba. Ko a manhaja, bayan duk shingayen da muke kafawa, akwai sauran wuri da ba abin da ke tsaronsa sai halin wanda ke zaune a gaban allo: zai rubuta bayanin abin da ya yi don wanda zai gaje shi bayan shekara biyar, ko zai rufe kwamfuta ya tafi tunda abin yana aiki?

Amsar da muka tsaya a kanta ta fito ne daga wani lissafi mai sauƙi. Sau ɗaya ruwa ya tsiyaye a ƙarƙashinmu, kuma har gobe muna ba da labarin. Amma zauruka nawa muka isa muka tarar da ƙofa a rufe, murafe a sauke, ruwa cike? Ɗaruruwa. Ba mu taɓa ba da labarin ko ɗaya ba, domin aikin da aka yi daidai ba ya barin alama. Kowane ɗayansu kuwa wani ne ya tsaya, a gajiye, ba mai ganinsa, ya yi minti biyun nan domin mu. Wata rana mun dawo daga sayayya muka tarar da igiyar bayan jirgi ɗaure da wani irin ƙulli da ba namu ba, turken kuma an matsar da shi zuwa ƙasa mai tauri. Wani ya wuce da gudu ya tumɓuke shi, wani kuma ya ga jirgin yana neman gitta hanya ya tsaya ya gyara. Dukansu biyu ba mu gan su ba. Da mai labarin zoben ya yi wata guda a kanal, da ya ga yawancin masu layar zana rufe ƙofa suke yi.

Ke nan mu kanmu na baya ne. Kafin mu zama masu barin wuri, masu tararwa ne, kuma abin da muka tarar ya wuce aikin daren jiya. Hanyoyin nan da shebur da baro aka haƙa su, aka daɓe cikinsu da yumɓu don kada ruwa ya tsotse, leburorin da suka yi aikin ba wanda ya riƙe sunan yawancinsu. Da jirgin ƙasa da mota suka ƙwace kasuwa, kanal-kanal da yawa suka zama juji, sanyin hunturun 1962 zuwa 1963 kuma ya daskarar da ruwa makonni masu yawa ya ƙarasa abin da ya rage na jigila. Littafin da L. T. C. Rolt ya fitar a 1944 game da tafiyarsa a jirgi ya tada mutane, a 1946 aka kafa ƙungiyar Inland Waterways Association, 'yan sa kai suka shafe shekaru suna kwashe laka a ranakun hutunsu. Kanal ɗin Kennet and Avon, inda zaurukan Caen Hill suke, sai a 1990 aka sake buɗe shi gaba ɗaya. Da yawa daga waɗanda suka fara aikin ba su kai ga hawansa ba.

Wani zai ce ai ba mu roƙe su ba, kyautar da ba ka nema ba ba ta zama bashi. Gaskiya ne ba mu roƙa ba, amma mun karɓa, a kanta muke kwana. Wanda ya wanke hannu ya zauna ya ci tuwo ba zai tashi ya ce ai bai aika a tuƙa ba. Abin da ya bambanta wannan bashi da sauran shi ne ba a iya mayar wa mai shi. Leburan ya mutu, wanda ya rufe ƙofa jiya ya yi nisa. Hanya ɗaya ce ta biya, ita ce a miƙa wa mai zuwa. Daga nan na baya ya samo haƙƙinsa: yana tsaye ne daidai inda muka tsaya awa guda da ta wuce, yana buƙatar daidai abin da muka tarar, kuma ba mu da wata hujja da za ta sa a ce mu mun cancanta shi bai cancanta ba.

Wannan rabin magana ne. Sauran rabin ya shafi na gaba, wanda ya bar mana ɓarna. A safiyar da jirage suka zauna a kan laka, kowa ya fito yana zagin mutumin da ba wanda ya gani, aka yi masa kama, aka yi masa hali, har aka yanke cewa ɗan haya ne mai hutun mako. Amma zaman shekaru ya nuna mana abubuwa da dama. Akwai ƙofofin da in ka rufe ka juya baya, iska ko rashin daidaiton gini sai ya sake buɗe su. Akwai murfin da reshe ke maƙalewa a ƙarƙashinsa, daga sama ka rantse ya sauka. Akwai wanda ya saba da kogin Wey, inda ƙa'idar ita ce a bar ƙofar fita a buɗe. Akwai mai tafiya shi kaɗai, wanda kowane zaure sai ya hau tsani mai santsi da igiya a hannu, mai yiwuwa kuma ciwo ne ya kama shi. Akwai kuma malalaci wanda bai damu ba, ba mu ce babu shi ba. Abin dai shi ne laka ba ta faɗin wane ne daga cikinsu ya wuce.

Sana'armu ta koya mana irin wannan. Duk mai rubuta manhaja ya taɓa buɗe aikin wanda ya riga shi ya riƙe baki. Kafin shekarar 2000 duniya ta kashe maƙudan kuɗi tana gyaran manhajojin da ke rubuta shekara da lamba biyu, 99 a maimakon 1999, don gudun kada kwamfuta ta ɗauki sabuwar shekara a matsayin 1900. Da sauƙi a kira waɗanda suka rubuta su sakarkaru. Amma a zamaninsu ma'ajiyar kwamfuta tsada gare ta ƙwarai, lamba biyun da suka rage kuɗi ne na gaske, kuma ba su zaci aikinsu zai kai shekara talatin ana amfani da shi ba. Haka Brindley. Shi ya tsayar da ƙaramin zaure mai faɗin ƙafa 7 a kanal ɗin Trent and Mersey da aka fara haƙawa a 1766, domin ragin kuɗin gini da na ruwa, da kuma sauƙin huda tudun Harecastle. Saboda wannan shawara ta sama da shekara 250 ne yau muke wuce juna a karkace a cikin gidanmu. Ya yi abin da ya fi dacewa da abin da ke gabansa. Mu ma akwai abin da muke ginawa yau da wani zai buɗe nan gaba ya riƙe baki.

Don haka matsayarmu fuska biyu gare ta: mu tsananta wa kanmu game da na baya, mu nemi uzuri ga na gaba. Za a iya cewa wannan mudu biyu ne, kuma adalci ba ya son mudu biyu. Mu a ganinmu mudu ɗaya ne, sanin da ke hannunmu ne ya bambanta. Namu dalilin mun san shi ciki da waje, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In zuciya ta ce mana gajiya ce ta hana, mun san ko gajiyar ta kai ko ba ta kai ba. Nasa dalilin kuwa ba mu da komai a kai sai zato. Alƙalin da ya yanke hukunci a shari'ar da ya ji shaidunta duka, ya kuma dakata a wadda bai ji kowa ba, ba a ce ya yi son kai.

Za a iya kuma cewa wannan hali zai mayar da mutum bawan malalata, su ɓata ya gyara. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa uzuri bai zama shiru ba. In mun ga mai gudu da idonmu muna yi masa alama da hannu ya rage, in sabon shiga ya fita zai bar murfi muna kiransa mu nuna masa, in ƙarfe ya lalace muna sanar da masu kula da hanya. Uzurin na wanda ba ya nan ne, wanda ba zai iya kare kansa ba. Fushin da aka yi da shi ba ya isa gare shi. A jirgi mai faɗin mita biyu, kan abokin zama yake sauka. In bai sauka nan ba, sai ya bi mutum zuwa zaure na gaba ya raɗa masa cewa tunda haka ake yi, kai ma bar ta. Ta wannan hanya ce sakacin mutum ɗaya yake zama al'adar wuri, kowa yana ramuwa a kan wanda bai yi masa komai ba.

Kada kuma kalmar ƙananan wahalhalu ta ruɗe mu. Ƙanana ne ga mai ƙarfi a jika da aikin da zai iya ɗagawa zuwa yamma. A kan ruwan nan akwai waɗanda tsadar hayar gida a Landan da wasu birane ce ta kawo su, akwai tsofaffi masu ciwon gwiwa, akwai masu jarirai. Jirgin da ya karkata da wuta a murhu hatsari ne. Tafiyar awa biyu don juye tanki, ga mai aikin da ake biya da awa, kuɗin cefane ne. Wanda ke bayanmu ba mu san ko wane ne ba, don haka ba mu da damar ɗauka cewa mai ƙarfi ne kamarmu. Minti biyun da suka yi mana nauyi, a wurinsa suna iya zama wuni.

Ba sai mutum ya zauna a jirgi ba kafin ya gamu da wannan. Butar da aka ƙarar da ruwanta aka ajiye a bakin makewayi, famfon unguwa da aka bari yana zuba, sharar da aka tura cikin kwata ana gab da damina, fayil ɗin da ma'aikaci ya bari a hargitse ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, duk murafe ne da aka bari a ɗage. Haka kuma duk ranar da muka ɗaga buta muka ji ta da nauyi, wani ne ya cika ta ya tafi. Abin da kanal ya yi mana kawai shi ne ya matse tazarar da ke tsakanin aiki da sakamakonsa, har muka iya ganin ruwan yana tafiya daga hannun wani zuwa ƙarƙashin gadon wani. A tudu tazarar ta fi tsawo, shi ya sa muke iya mantawa, amma mutumin yana nan tafe, kuma abin da muka bari shi zai tarar.